Sankarar Tumbi Ta Ja Baya a Duniya, Amma Ƙarancinta a Takardunmu Bai Isa Mu Saki Jiki Ba

A shekarun 1930 babu sankarar da ke kashe mutane a Amurka kamar ta tumbi, jakar nan da abinci ke fara sauka cikinta idan ya wuce maƙogwaro. Yau ta koma can baya a jerin masu kisa a ƙasar, don yawan waɗanda take kashewa cikin kowane mutum 100,000 ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Babu gwamnatin da ta tsara hakan. Ba a yi allurar rigakafi ba, ba a yi gangamin gwaji ba, kuma mafi yawan raguwar ta faru ne tun likitoci ba su san ainihin abin da ke haddasa cutar ba. Shi ya sa wasu masu bincike a 1986 suka kira abin nasarar da ba a shirya mata ba.

Har zuwa wajajen 1980 ita ce sankara mafi yawa a duniya. A lissafin 2022 na hukumar binciken sankara ta IARC da ke Liyon a Faransa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sauko ta biyar: sabbin kamu kimanin 968,000, mace-mace kimanin 660,000. A taswirar wannan hukuma Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da cutar ta fi ƙaranci, kuma wannan ya sa masu tsara harkar lafiya a wajenmu ba sa ko kallon inda take. A ganina an yi gaggawar yarda da wannan ƙaranci. Wani ɓangarensa gaskiya ne, wani ɓangaren rashin ƙirge ne, kuma ko da dukansa gaskiya ne, yawan masu cutar zai hau a nan a daidai lokacin da yake sauka a wasu wurare.

Akwai lamba iri biyu da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce jimillar mutanen da suka kamu a shekara. Ta biyu ita ce mutum nawa cikin 100,000, bayan an daidaita lissafin kamar duk ƙasashe suna da tsofaffi da yara daidai wa daida. Dole a yi wannan daidaitawa saboda cutar ta manya ce, galibi bayan shekara 60 take bayyana. A Japan kusan mutum uku cikin goma sun haura shekara 65, a Nijeriya kuwa kimanin uku ne cikin ɗari. Lamba ta biyu ce ke sauka kusan ko'ina. Ta farko tana iya hawa a lokaci guda, idan jama'a na ƙaruwa kuma suna daɗewa a duniya.

Idan aka bi lamba ta biyu, Gabashin Asiya ke kan gaba da nisa: Mongoliya, Japan, Koriya ta Kudu, Sin. A lissafin 2020 maza kimanin 32 ne cikin 100,000 a yankin, kuma Sin kaɗai ta ɗauki fiye da kashi 40 cikin 100 na masu cutar a duniya. Sai Gabashin Turai, su Rasha da Belarus, da kimanin rabin haka. Sai tsaunukan Latin Amurka da ke fuskantar tekun Fasifik, daga Gwatamala da Kosta Rika zuwa Kolombiya, Ekwado, Peru da Chile. Arewacin Amurka da Arewacin Turai suna wajen 5 zuwa 6, Afirka kudu da Sahara kuma an ajiye ta a wajen 5 ko ƙasa da haka. A mafi yawan wurare maza sun ninka mata kimanin sau biyu.

Bambancin bai tsaya a kan iyakar ƙasashe ba. A cikin Japan, lardunan arewa masu sanyi kamar Akita da Yamagata sun daɗe suna gaba, tsibirin Okinawa na kudu yana can ƙasa. Binciken da aka yi a shekarun 1960 da 1970 kan Japanawan da suka yi ƙaura zuwa Hawai ya nuna wani abu mai muhimmanci. Waɗanda aka haifa a Japan sun tafi da haɗarinsu, bai rabu da su ba duk da sun canza ƙasa. 'Ya'yansu da jikokinsu da aka haifa a can ne haɗarin ya sauka a kansu. Jini ɗaya ne, ƙuruciyar ce ta bambanta. Ke nan abin da ke shuka wannan cuta yana samun mutum tun yana ƙarami.

Abu na farko da aka gane shi ne gishiri. Kafin zuwan firij, hanyar ajiye kifi da nama da ganye zuwa lokacin sanyi ita ce a jiƙa su da gishiri ko a banda su. A arewacin Japan na shekarun 1950 mutum kan ci fiye da giram 20 na gishiri a rana, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yau kada a kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Gishiri mai yawa yana ƙona fatar cikin tumbi, yana buɗe ta ga sinadaran da ke lalata ƙwayoyin halitta. Da firij ya shiga kusan kowane gida a Japan cikin shekarun 1960, da motocin sanyi suka fara kawo ɗanyen ganye da 'ya'yan itace duk shekara, sai buƙatar abincin gishiri ta ragu. Amurka ta riga ta bi wannan hanya tun kafin nan. Taba sigari ma tana ƙara haɗarin, raguwar shanta ta taimaka.

Babban dalilin kuwa bai fito fili ba sai 1982, lokacin da likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raino wata ƙwayar cuta mai lanƙwasa daga tumbin majinyata. A lokacin ana koyar da cewa babu ƙwayar da za ta rayu cikin ruwan tsamin tumbi. Marshall ya kai ga shanye ƙwayar da kansa don ya nuna tana kawo kumburi. Ita ce Helicobacter pylori. A 1994 IARC ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, a 2005 mutanen biyu suka karɓi kyautar Nobel. Kusan tara cikin goma na sankarar da ke fitowa a gangar tumbi da ƙasansa ana danganta ta da wannan ƙwaya.

Yaro kan ɗauke ta kafin ya kai shekara goma, yawanci a cikin gida, daga uwa ko 'yan'uwa, ta yawu, ta amai, ko ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Cunkoson ɗaki da rashin ruwa mai tsabta su ne abokan tafiyarta, kuma an taɓa danganta ta da al'adar tauna wa jariri abinci. Idan ba a kashe ta ba, tana nan har mutuwa. Wani likitan Kolombiya, Pelayo Correa, ya tsara matakan ɓarnar tun 1975: kumburin da ba ya warkewa, sai ƙwayoyin da ke fitar da ruwan tsami su fara mutuwa, fatar ta yi siriri, sai ta rikiɗe ta koma kamar ta hanji, sai ƙwayoyin su fara fita daga tsari, sai sankara. Tafiyar kan ci shekara 30 zuwa 50, kuma mutum ɗaya zuwa uku ne kawai cikin ɗari na masu ƙwayar ke kaiwa ƙarshenta. Wani bincike na Japan da aka buga a 2001 ya bi mutum 1,526 na kusan shekara takwas. Cikin 1,246 masu ƙwayar, 36 suka kamu da sankara. Cikin 280 marasa ita, ko ɗaya.

Da wannan ake gane yadda raguwar ke tafiya. Tana bin shekarar haihuwa ne, zuriya bayan zuriya. Japanawan da aka haifa kafin 1950, shida zuwa bakwai cikin goma na ɗauke da ƙwayar. Waɗanda aka haifa wajen 2000, ba su kai ɗaya cikin goma ba. Famfo da masai da rage cunkoso ne suka yi wannan aiki, ba asibiti ba. Adadin sankarar da ƙasa ke gani a bana yana ba da labarin yadda yaranta suka rayu shekara hamsin ko sittin da suka wuce. Duk wanda ya fahimci haka zai tambayi kansa wane irin ruwa yaran Kano da Maraɗi suka sha a 1975, kuma wane iri suke sha yanzu.

Ba kowane iri ne ya sauka ba. Wadda ke fitowa a bakin tumbi, inda ya haɗu da maƙogwaro, ta fi alaƙa da ƙiba da ƙwannafi mai dawowa, kuma ta ƙaru a wasu ƙasashen Yamma a ƙarshen ƙarnin da ya wuce. An kuma ga ɗan hauhawa tsakanin 'yan ƙasa da shekara 50 a Amurka da wasu ƙasashe masu ƙarancin cutar, musamman mata. Adadin ƙanƙani ne, ana zargin garkuwar jiki da ke juyowa kan tumbi da kuma yawan shan antibayotik tun ƙuruciya.

Japan da Koriya ta Kudu ba su jira zuriya ta canza ba. Japan ta mayar da hoton eksire na tumbi, wanda ake shan farin ruwan bariyom kafin a ɗauka, shirin ƙasa a 1983, ta ƙara gwajin kyamara, wato zura bututu mai kyamara ta baki a leƙa cikin tumbi, a 2016 ga 'yan shekara 50 zuwa sama. A 2013 inshorar lafiyarta ta fara biyan kuɗin kashe ƙwayar ga duk wanda aka ga kumburi a tumbinsa. Koriya ta fara nata shirin a 1999, kuma tsarinsa shi ne duk mai shekara 40 zuwa sama a duba shi kowace shekara biyu. Sakamakon ya fito a yawan masu tsira. A Koriya kimanin bakwai cikin goma suna raye shekara biyar bayan gano cutar, a Japan fiye da shida, a Amurka kimanin ɗaya cikin uku. Sirrin shi ne ana kama ta tana kan fatar sama, inda sau da yawa ake fere ta da kyamarar kanta ba tare da an tsaga ciki ba.

Ba na cikin masu cewa mu kwaikwayi wannan. Leƙa tumbin duk mai lafiya yana biyan kuɗinsa ne inda cutar ta yi yawa sosai kuma na'urori da ƙwararru suka wadata. A inda mai aman jini ma sai ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya sami na'urar, kiran masu lafiya su shiga layi ɓarna ce. Darasin da ya shafe mu yana wani wuri.

A 1992 wani likitan tiyata ɗan Birtaniya mai suna Holcombe, wanda ya yi aiki a Maiduguri, ya buga abin da ya gani a arewacin Nijeriya: kimanin kashi 85 cikin 100 na mutanen da aka gwada suna da shaidar ƙwayar a jininsu, amma sankarar tumbi ba ta cika zuwa asibiti ba. Ya kira abin ɗaure kan Afirka, sunan ya kama. Wani babban nazari na 2017 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya sake sa Nijeriya a kan gaba, da kusan kashi 88 cikin 100. Ƙwaya ta fi ta Japan yawa, sankara kuma a takarda ba ta kai rubu'in ta Japan ba.

Akwai bayanai masu ma'ana. Ƙwayar iri-iri ce, ta Gabashin Asiya kusan duk tana ɗauke da wani nau'in dafi mai suna CagA da ya fi na sauran wurare ƙarfi. An kuma ga a jikin ɓeraye cewa tsutsar ciki tana sassauta irin kumburin da ke lalata tumbi. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga jihar Narinyo a Kolombiya. Mutanen tsaunukan da ke kewaye da birnin Pasto da mutanen garin Tumako na bakin teku, tsakaninsu kimanin kilomita 200, duka kusan tara cikin goma suna da ƙwayar. Amma sankarar tumbi a kan tsaunin ta ninka ta bakin teku kusan sau 25. Mutanen Tumako galibi jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka ne, ƙwayar tasu ma asalinta na Afirka ne, kuma masu binciken sun ga cewa inda mutum da ƙwayarsa suka fito daga tushe ɗaya, ɓarnar ta fi sauƙi. Don haka ban musa cewa haɗarin ɗan Afirka ta Yamma yana iya zama ƙasa da na ɗan Koriya ba.

Abin da nake musu shi ne a ce mun san girman ƙarancin. A duba matakan da mai cutar zai bi kafin ya zama lamba. Dattijo ne a ƙauye, ya fara jin zafi a ƙahon zuciya, abinci kaɗan ya cika masa ciki. An ce olsa ce, an ce yunwa ce ko yaji. Ya je kemis an ba shi omeprazole, maganin rage ruwan tsamin tumbi, da farin ruwan nan na kwalba, ya ji sauƙi na 'yan makonni. Ya dawo an ƙara masa. Ya fara rama, sai a koma jiƙe-jiƙe, wani ya ce sammu ne. Sai ya fara amayar da tuwon jiya da safe, saboda ƙarin ya toshe mafitar tumbi, sannan a ɗauko mota. Kafin a rubuta shi, sai an kai shi asibitin da ke da na'urar leƙa ciki, na'urar tana aiki, akwai wuta, iyali sun iya biya, an gutsuro naman, an kai ɗakin gwaji, likitan duba nama ya tabbatar, sannan asibitin yana cikin yankin da wata rajistar sankara, wato ofishin da ke ƙirga masu cutar, ke bi. A kowane mataki ana zubar da mutane. Wanda ya rasu a gida ana yi masa sutura a ranar, ba takardar dalilin mutuwa, sai dai a ce ciwon ciki ne ya yi ajalinsa. Daidaita lissafi da shekaru ba ya gyara wannan, domin tsofaffin da cutar ta fi kamawa su ne aka fi barin su a gida.

Rajistar Ibadan, wadda aka kafa a 1960, tana cikin mafi daɗewa a Afirka, akwai wasu a Abuja da Kalaba, akwai ta Yamai. Amma birane ƙalilan suke rufewa. Inda babu ƙirgen ƙasa baki ɗaya, IARC tana ɗaukar adadin birni ɗaya ko biyu, ko na ƙasar maƙwabta, ta shimfiɗa a kan kowa, kuma ita kanta tana faɗin haka. Sannan Afirka ba bai ɗaya ba ce. Rajistar Bamako ta daɗe tana nuna sankarar tumbi cikin mafi yawa a tsakanin mazan Mali, ga ta nan kusa da mu, cimarmu da tasu ba su da nisa. An san da yawanta a tsaunukan Ruwanda, Burundi da gabashin Kwango. A 2005 wasu masu bincike sun tattara sakamakon gwajin kyamara daga asibitocin Afirka, suka ce idan an leƙa ana samun gyambo da sankara gwargwadon yadda ake samu a wasu wurare, don haka suka yi shakkar ɗaure kan tun daga tushe.

Ko a bar wannan gardama, lissafin jama'a kaɗai ya isa. An yi hasashen cewa idan adadi cikin 100,000 ya tsaya inda yake, sabbin kamu a duniya za su kai miliyan 1.8 a 2040. A 2025 masu binciken IARC suka ƙiyasta cewa cikin yaran da aka haifa daga 2008 zuwa 2017, mutum miliyan 15.6 za su kamu da cutar a rayuwarsu idan ba a canza komai ba, kashi 76 cikin 100 saboda ƙwayar, kuma nauyin da ke jiran Afirka kudu da Sahara zai iya ninka na 2022 sau shida. Rabin mutanen Nijar ba su wuce shekara 15 ko 16 ba. Da dama cikin waɗannan yara sun riga sun ɗauki ƙwayar, kuma da yawansu za su kai shekarun da kakanninsu ba su kai ba.

Aikin da ke gabanmu ya fara ne daga yadda ake mu'amala da olsa. Akwai alamomin da idan sun bayyana, ba batun ƙarin magani ba ne, batun kyamara ne: rama ba dalili, amai mai dawowa, aman jini ko mai kama da garin kofi, baƙin bayan gida mai danƙo kamar kwalta, abinci yana tsayawa a ƙirji, ƙoshi bayan loma kaɗan, ƙullutu a ciki ko a saman ƙashin wuya na hagu. Haka namiji ko macen da ta daina al'ada da aka samu da ƙarancin jini. Ba a sallame su da maganin ƙarin jini kawai, sai an nemo inda jinin ke tsiyaya. Wanda ciwon ya fara masa sabo bayan shekara 45, ko wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, a ganina shi ma a leƙa. Wasu ƙasashen Yamma suna sa iyakar a 55 ko 60, amma majinyatan da ake gani a asibitocin Afirka sun fi nasu ƙarancin shekaru. Haɗarin omeprazole a nan shi ne yana kwantar da zafin, har yana iya sa fata ta rufe saman gyambon da sankara ce, watanni su tafi.

Gwajin kansa ba shi da tsawo. Mutum ya kwana bai ci ba, ko ya yi sa'a shida zuwa takwas, a fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a zura bututu mai kaurin ɗan yatsa, minti goma zuwa sha biyar an gama. Inda ake kuskure shi ne wajen gutsure. Duk gyambon da ke cikin tumbi ana ɗaukar nama daga gefensa, guda shida zuwa takwas, ba ɗaya ko biyu ba, a sa cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, nan take. Idan aka zuba a ruwan gishiri aka ba ɗan'uwan majinyaci ya kai wani gari, naman ya ruɓe kafin ya isa. Akwai kuma nau'in da ke bazuwa a ƙarƙashin fata ya sandarar da tumbi, gutsuren sama yana iya fitowa lafiya lau. Don haka idan ido ya ga abin zargi kuma sakamako ya ce babu komai, a maimaita. Gyambon tumbi ko an ce ba sankara ba ne, a sake leƙa shi bayan mako takwas zuwa sha biyu.

Ga wanda ba shi da waɗancan alamomi, hanya ita ce a gwada ƙwayar, in tana nan a kashe ta. Gwajin jini da ya cika ɗakunan gwaji ba shi da amfani sosai a wajenmu, don yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ita ne kawai, kuma yakan ci gaba da nuna tana nan bayan an warke. Na bayan gida ko na numfashi su ne ke nuna mai rai. Sai an dakatar da omeprazole da danginsa mako biyu, antibayotik mako huɗu, in ba haka ba ƙwayar ta lafa gwaji ya ce babu.

Maganin haɗi ne, likita ke rubuta shi, kuma kwana 14 ne. Tsohon tsari shi ne omeprazole sau biyu a rana, rabin sa'a kafin abinci, da amoxicillin giram 1 sau biyu, da clarithromycin miligiram 500 sau biyu. Idan amoxicillin ɗin na 500 ne, ƙwaya takwas ke nan a rana, 112 kafin a gama. Ƙa'idar masana ita ce a bar wannan tsari a duk inda fiye da kashi 15 cikin 100 na ƙwayoyin suka daina jin clarithromycin, a koma haɗi huɗu: omeprazole, bismuth, tetracycline da metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl. Shi kuma Flagyl an sha shi a kan kowace gudawa har yawancin ƙwayoyin da aka gwada a Afirka ba sa jinsa sosai. Abin da ke ɓata aiki sananne ne. Ana sayar da fakitin kwana bakwai. Baki yana ɗaci, ciki yana ɗan gudu, mutum ya ji sauƙi a kwana na biyar ya ajiye. Ana shan tetracycline da fura da nono ko da maganin ƙarin jini, su kuwa suna ɗaure shi a hanji, sai an ba da tazarar sa'a biyu aƙalla, kuma ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro. Bismuth yana baƙanta harshe da bayan gida, in ba a faɗa wa majinyaci ba zai tsorata ya daina. Sannan kusan ba a komawa a tabbatar ta mutu, alhali ana so a sake gwajin bayan gida mako huɗu ko fiye bayan gamawa.

Wasu za su ce tunda kusan kowa na da ita, a raba wa kowa magani. An gwada. A tsibiran Matsu na Taiwan an fara gwada manya da yi musu magani a 2004. Masu ƙwayar sun sauko daga kimanin kashi 64 zuwa 15 cikin 100, sankarar ta ragu da kusan rabi. A gundumar Linqu ta lardin Shandong a Sin, gwajin da ya haɗa mutum kimanin 180,000 ya ba da raguwar kashi 13 cikin 100 bayan shekara goma sha ɗaya da ɗoriya. Amfanin ya fi yawa ga wanda aka yi wa magani kafin fatar tumbinsa ta rikiɗe. Sai dai waɗannan wurare ne da aka san cutar ta yi katutu, aka san maganin da ke ci, ruwan shansu kuma ya gyaru. A ba miliyoyin mutane antibayotik biyu na mako biyu a inda ba a san adadin cutar ba, ba a auna wane magani ƙwayar ke ji ba, kuma rijiyar da ta ba su ita tana nan, zai iya lalata magungunan da ake ceton yara da su daga ciwon huhu. A fara da masu gyambo, da iyalan wanda aka tabbatar yana da sankarar.

Gishirinmu ma yana bukatar ido. Ba mu da al'adar tsoma ganye a gishiri irin ta Koriya, amma dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kuma tukunyar miya ɗaya tana cin huɗu ko biyar kafin a ƙara gishirin kansa, ga taliyar leda da yara ke ci da dukan garin da ke cikinta.

Rajista kuwa ba ta da tsada idan aka kwatanta da na'urar gashin sankara. Abin da take bukata shi ne yanki mai iyaka da aka san yawan mutanensa, ma'aikata biyu ko uku da ke zagaya asibitocin gwamnati da masu zaman kansu da ɗakunan duba nama a kai a kai, da manhajar CanReg da IARC ke bayarwa kyauta don tace sunan da ya shigo sau biyu. Sai a rubuta adireshin majinyaci na ainihi, ba na ɗan'uwan da ya sauka wurinsa a birni ba, in ba haka ba adadin birnin ya kumbura na ƙauye ya ɓace. A rubuta ko da nama aka tabbatar ko da ido kawai, a rubuta ko a bakin tumbi take ko a gangarsa. Kuma sai an ɗauki albashin ma'aikatan daga kasafin jiha ko na ƙasa, domin rajistar da ke tsayawa duk lokacin da tallafin waje ya ƙare ba za ta haɗa shekara goma a jere ba, kuma ƙasa da haka ba ya nuna ko cutar hawa take yi ko sauka.